Fitar da raguna da naman tumaki waje: ta ina za ka fara

Tun da labari ya bazu cewa Ostareliya za ta daina loda tumaki masu rai a jirgin ruwa, samarin da ke sha'awar fatauci suke tare ni da magana ɗaya: “Alhaji, ashe kasuwar Larabawa ta buɗe mana.” Labarin gaskiya ne. A watan Yuli na 2024 majalisarsu ta zartar da dokar, kuma daga 1 ga Mayu 2028 ba jirgin ruwan da zai ƙara tashi daga Fremantle ɗauke da tumaki zuwa Kuwaiti ko maƙwabtanta. Niyu Zilan ta riga su, ta hana fitar da dabbobi ta ruwa tun Afrilun 2023, ga kuma garkenta yana ta raguwa: daga tumaki wajen miliyan 70 a 1982 ya dawo ƙasa da miliyan 25. A namu ɓangaren ma, a 2025 fari ya ci garken Maroko har Sarki Muhammadu na shida ya roƙi jama'arsa su haƙura da layya, Aljeriya kuwa ta sanar za ta sayo raguna miliyan ɗaya daga waje.

Masu saye dai akwai su. Amma kafin ka sayar da gona ka zuba a harkar, dubi inda Aljeriya ta je neman ragunan. Tana da iyaka da Nijar, raguna suna shiga Tamanrasset ta Assamaka tun kaka da kakanni a cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, duk da haka sai ta tsallaka teku ta sayo daga Romaniya da Sifaniya. Ba don ragonsu ya fi namu daɗi ba. Su ne za su iya cewa ga dubu ashirin masu nauyi kusan ɗaya, kowanne da lamba a kunne, ga takardar likita da gwamnati ta sa wa hannu, kuma za su iso ranar kaza. Abin da ake saye ke nan a wannan kasuwa, kuma shi za ka koyi haɗawa. Ka kuma sani Ostareliya ba ta bar kasuwar nama ba. Za ta yanka a gida ne ta aika a sanyaye. Ita da Niyu Zilan su ne har gobe ke riƙe da mafi yawan naman tumakin da ke ƙetare iyaka a duniya, Sin kuma ita ce babbar mai saye.

Fara da mai saye, ba da rago ba

Kasuwa uku ce, kowacce da irin dabbar da take so.

Ta farko ita ce ta mota: daga Nijar da Chadi zuwa Nijeriya, daga Sahel zuwa Abijan, Kumasi, Akara, Kwatano da Lome. Wannan ita ce tamu, mun san hanyarta, akwai mutanenmu a kowane zango. Tana son babban rago mai tsayi da kyan gani, kuma kusan duk ribarta a makonni uku na jajibirin Babbar Sallah take.

Ta biyu ita ce ta jirgin ruwa zuwa Saudiyya, saboda hadaya da layya. Sudan da Somaliya ne a bakin ƙofarta: daga tasoshinsu na Sawakin ko Barbara kwanaki kaɗan jirgi ya isa Jidda. Ragon Sudan ya yi suna a can har Sawakini suke ce masa, kuma in ka gan shi, dogo mai gashi kwance, ba shi da nisa da Balami da Uda namu. Wato ba irin dabbarmu ce matsala ba, nisa ne. Mu sai mun gangara Legas ko Kwatano, sannan jirgi ya zagaya. Ban ga ɗan kasuwa ɗaya da zai iya wannan shi kaɗai ba, ko da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya dagula musu hanyoyin Kordofan da Darfur.

Ta uku ita ce ta feɗaɗɗen rago a sanyaye ta jirgin sama, irin wadda mayankan Mojo a Habasha da na Kenya ke yi zuwa Dubai da Saudiyya. Ita ba ruwanta da ƙaho ko launi. Ƙaramar dabba mai taushin nama take so, duk mako, shekara zagaye. A ganina nan ne makomar harkar take, amma ba nan ake farawa ba.

In kai sabon shiga ne, ka fara da ta farko, ka kuma tafiyar da ita kamar kana shirin ta uku: sikeli, lamba a kunne, littafi. Kafin ka sayi ko da rago ɗaya, ka je kasuwar da za ka kai da ƙafarka, ko kasuwar dabbobin Abijan ko Tulaku a Ashaiman kusa da Akara, ka sami maigidan da zai sauke ka. Ka tambaye shi nawa ne la'adarsa, wa ke biyan kuɗin fili da ruwa da gadi, yaushe yake sallamar baƙo, kuma wane girman rago ne ya fi saurin fita bara. Sau da yawa za ka ji matsakaici ne. Ƙaton da ake taruwa ana ɗaukar hotonsa mutum ɗaya cikin ɗari ke iya sayensa, sauran ma'aikata ne masu lissafin albashi.

Saye

Lokacin saye shi ne lokacin da makiyayi ke buƙatar kuɗi kuma ba kowa ke neman rago ba, wata uku zuwa huɗu kafin ranar da kake son sayarwa. Manyan kasuwannin kan iyaka, Maigatari ranar Alhamis, Mai'aduwa da Illela ranar Lahadi, nan ne za ka ga farashi ka san inda aka kwana. Amma dabbar da ta iso nan ta riga ta bi hannu biyu ko uku. Wanda ya san ƙauye yana shiga ƙananan kasuwannin da ke ciyar da su, ya tara biyar nan, goma can.

Ga yadda nake duba rago. Kar ka fara da taɓa shi. Tsaya gefe ka ga yadda yake tsayuwa cikin 'yan'uwansa. Wanda ya ware kansa ya sunkuyar da kai, wuce shi ko da dillali ya rantse maka gajiyar hanya ce. Sai ka sa a ja shi ya taka, ka ga ƙafa huɗun. Daga nan ka kama haɓarsa ka buɗe leɓen ƙasa. In haƙoran gaba duk ƙanana ne farare, na nono ke nan, bai wuce shekara da kaɗan ba. In biyu na tsakiya sun faɗi manya sun fito, yana tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi ko ɗan sama. Huɗu manya, ya doshi shekara biyu. Wanda haƙoransa suka cika takwas har suka fara cinyewa, abincinka zai ci bai biya ka ba. Ja fatar idonsa ta ƙasa: ja-ja-ja ake so, in ta yi fari fat tsutsa ko ciwon hanta sun sha jininsa. Dubi hanci ko da majina, leɓe ko da ƙuraje, ƙarƙashin wutsiya ko ya ɓaci da zawo. Ƙarshe ka ɗora tafin hannu a gadon bayansa daidai ƙugu ka matsa. Ramamme mai faɗin ƙashi, lafiyayye, shi ne abin nema, don naman da za ka ɗora masa shi ne ribarka. Ka kuma danna cikinsa ta hagu; ragon gari da ya saba kiwon bola, in ka ji abu tauri kamar dunƙulen tsumma, leda ce, ba kuma abincin da zai sa ya yi ƙiba.

Haƙoran nan su ne ke raba kasuwa. Mai layya yana son wanda ya cika shekara, kamar yadda akasarin malamanmu na Malikiyya suke faɗa, ba gurgu ba, ba mai ido ɗaya ba, ba ramamme ba. Mai sayen nama a waje kuwa ɗan rago yake biya da tsada, wanda manyan haƙoransa ba su fara aiki ba. Da sun fara aiki, farashin kilo ya sauka. Kar ka haɗa su a turke ɗaya da lissafi ɗaya.

Batun iri, Balami ya fi kowa girma da saurin ɗaukar nama, amma yana da ci kuma ba ya son laima. Uda, mai gaba baƙi ko ja da baya fari, yana da tsayi da juriyar tafiya. 'Yankasa ƙarami ne, sai dai yana jure kudu fiye da su, kuma girmansa ya yi daidai da abin da kasuwar nama ke nema. Masu raina shi ba su yi lissafi ba.

Turke da lissafinsa

Nan zan daɗe, don nan ake cin riba ko a yi asara tun kafin mota ta tashi.

Babbar Sallah tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A 2024 tsakiyar Yuni ta faɗo, a 2025 farkon Yuni, 2026 ƙarshen Mayu, 2027 tsakiyar Mayu, haka za ta yi ta ja baya cikin bazara. Ma'ana, shekaru masu zuwa duk kiwon Sallah zai kasance ne a watannin da daji ya ƙone, harawa ta yi tsadar da ba a magana. Wanda zai ci riba a Mayu, a Nuwamba yake cinta, lokacin kaka, sa'ad da manomi ke neman wanda zai kwashe masa harawar wake da ta gyaɗa. Ka saya a lokacin, ka ɗaga ta daga ƙasa saboda gara, ka rufe ta daga rana don ganyen ya zauna kore. Kowa da dusa ma haka. Wanda ya bari sai ya ɗaure raguna sannan ya shiga kasuwa neman abinci buhu-buhu, mai harawa yake yi wa aiki.

Dabbar da ka kawo yau kar ta shiga cikin na jiya. Ka ware ta mako biyu zuwa uku a wani gefe, da kwanon ruwanta daban. A nan za a ba ta maganin tsutsa, a yi mata rigakafi, a sa mata lamba, a ɗora ta a sikeli. Sikelin rataye da buhu ya isa. Kar ka cika mata dusa ranar farko. Cikin da ya saba da ciyawar daji in ya haɗu da hatsi da yawa kwatsam, kumburi ne da zawo, wani lokacin har mutuwa. A hankali ake ƙarawa cikin kwana goma.

Rago yana cin busasshen abinci kusan kashi uku zuwa huɗu cikin ɗari na nauyinsa a rana. Mai kilo 30 ke nan zai ci kilo ɗaya ko ɗan fiye: wajen rabi harawa, sauran haɗin dusa, kowa da ɗan ƙuliƙuli ko angurya, ga gishiri da kanwa kaɗan, ruwa kuma kar ya yanke. Da irin wannan ciyarwa, ƙarin giram 100 zuwa 150 a rana shi ne abin da za ka sa rai. Balami mai kyau yakan fi haka. A kwana casa'in kilo tara zuwa sha uku ke nan. To zauna da biro: kuɗin abincin kwana casa'in, da magani, da ladan yaro mai kula, ka raba da kilon da aka ƙara. In kuɗin ƙara kilo ɗaya ya kai abin da za a saye shi, turken nan hidima kake yi wa jama'a. Ka riƙa aunawa duk mako biyu, wanda ya tsaya cak ka fitar da shi ga mahauta, kar ka tsaya tausayi.

In nama za ka sayar, akwai lissafi na biyu. Ragonmu in aka yanka aka feɗe aka cire kai, ƙafa da kayan ciki, abin da ke saura bai cika kai rabin nauyinsa ba. Mai kilo 30 zai ba ka 13 zuwa 14, kuma zai ƙara sauka kaɗan in ya kwana a sanyi. Saura, wato fata, kai da ƙafa, hanta da tumbi, a gida za ka sayar, kuma sau da yawa su ne ke biyan kuɗin yanka. Ka tuna Nijeriya ta hana fitar da ɗanyar fata, don haka majemun Kano za ka nufa da ita, kuma fatar da wuƙa ta huda rabin kuɗi ce.

Wata magana da ba a son faɗa: allurar da wasu ke yi wa rago ya kumbura ana saura kwanaki Sallah. Ruwa ne kawai yake tarawa, mai saye ya kai gida ya ga ya sace. A kasuwar gida mutuncinka ne ya zube. A kasuwar waje gwajin nama ake yi, in aka sami ragowar magani ba kai kaɗai za a rufe wa ƙofa ba. Ko maganin kirki ne, akwai adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba da za a jira kafin yanka. Ka rubuta ranar kowace allura.

Lafiya da takarda

Cutar da ta fi yi mana illa ita ce annobar nan ta awaki da tumaki mai zuwa da zazzaɓi, majina, ƙurajen baki da zawo, wadda likitoci ke kira PPR. A Kodebuwa aka fara gano ta a 1942, hukumomin duniya kuma sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita. Rigakafinta yana da arha, ana yin sa a cibiyar Vom kusa da Jos, allura ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku. Sharaɗinsa sanyi: in ka ga mai allura ya zaro kwalba daga aljihun riga da tsakar rana, ruwa zai ɗura wa dabbarka. A cikin kula mai ƙanƙara ake kawo shi, kuma da an haɗa a yi amfani da shi nan take.

Ƙasashen Larabawa ba sa wasa da cuta. A 2000 zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a Saudiyya, ta rufe ƙofa ga dabbobin gabashin Afirka, Somaliya ba ta samu an buɗe mata ba sai 2009. Cutar ta taɓa jihar Tawa ta Nijar a 2016, don haka mu ma muna cikin waɗanda ake sa wa ido. A 2003 kuma jirgin Cormo Express ya iso Jidda da tumakin Ostareliya sama da dubu hamsin, aka ce an ga ƙurajen baki, aka ƙi saukewa. Ya yi ta yawo a teku fiye da wata biyu, ƙarshe kyauta aka ba Eritiriya. In an yi wa Ostareliya haka, kai da ni fa?

A Nijeriya, mai son fitar da kaya bisa ƙa'ida sai ya yi rajistar kamfani a CAC, ya karɓi shaidar mai fitar da kaya daga NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya, ya cika fom ɗin fitar da kaya na NXP ta bankinsa, sannan hukumar killace dabbobi da tsirrai ta NAQS da likitocin gwamnati su duba dabba ko nama su ba da takardar lafiya. A Nijar, ofishin kiwo ne ke ba da takardar lafiya, sai duwan, wato kwastan. Amma takardar da ta fi kowacce ita ce izinin shigarwa daga ƙasar mai saye, don a cikinta aka jera rigakafi da gwajin da suke so da kwanakin killacewa. Ka sa mai sayenka ya turo maka ita tun farko. Wanda ya kasa turowa, dillali ne kawai, ba mai saye ba.

Sai siyasa, wadda ba ta cikin ikonka amma dole ta shiga lissafinka. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 iyakar Nijeriya da Nijar ta zauna a rufe har Maris 2024. Rufe gadar Gaya da Malanville, tsakanin Nijar da Binin, ya sa motoci zagaye mai nisa. A Mayun 2025, ana saura 'yan makonni Sallah, gwamnatin Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi don farashi ya sauka a gida, waɗanda suka tara don Abijan da Legas suka rasa yadda za su yi. Kar ka zuba duk jarinka a garken da ba shi da mafita sai ƙetaren iyaka ɗaya, kuma in za ka tsallaka da su, ka tsallaka da wuri ka ƙarasa kiwon a can.

Hanya

Ka je ka ga motar da idonka kafin lodi. Katakon hawa na biyu ya zama mai ƙarfi, a zuba yashi a ƙasa saboda santsi, a raba manya da ƙanana, masu ƙaho da marasa shi. Direba zai so a ƙara goma, kai ma zuciyarka za ta so. Goman nan su ne za ka tarar an tattake. A shayar da su kafin tashi, kar a cika musu ciki, a tashi da yamma a ci dare. Yaran rakiya biyu a bayan mota, aikinsu ɗaya: duk wanda ya kwanta a tashe shi kafin a hau kansa, kuma wuƙa mai kaifi na kusa don kar a yi mushe. Rago yana zubar da nauyi a doguwar tafiya, don haka ka isa da sauran kwanaki, ka kuma tafi da harawarka. A Abijan ko Legas ciyawa ma da kuɗi mai ciwo ake sayenta. Kuɗin shingaye kuwa ka tambayi wanda ya bi hanyar makon jiya, ba bara ba.

In ka kai ga nama

Ba kowace kwata ce za ta yanka don waje ba. Ƙasar mai saye ce ke turo masu dubawa su amince da mayanka, a Saudiyya hukumar abinci da magunguna, SFDA, ke da wannan aiki, sannan shaidar halal sai daga cibiyar da su suka yarda da ita; kasancewarmu Musulmi masu yanka da bisimilla bai wadatar da su ba. Yanka a rataye, ba a ƙasa ba. Likita ya duba kafin yanka da bayansa. Nama ya shiga sanyi nan da nan, ya zauna tsakanin digiri sifili da huɗu tun daga mayanka har cikin jirgi, daskararre kuwa 18 ƙasa da sifili. Awa biyu a filin jirgi cikin rana ta isa ta lalata kaya duka, don haka janareto na biyu ba almubazzaranci ba ne.

Kafin mu sami irin wannan mayanka da yawa, akwai wurin gwaji a kusa: otal-otal da manyan kantunan Abuja, Legas, Akara da Abijan. Su ma nauyi ɗaya suke so, ranar da aka yi alkawari, a motar sanyi. Masu turke biyar ko goma in suka haɗa kai suka tsara ɗaurinsu ta yadda kowane mako wani zai fitar, za su iya riƙe irin wannan ciniki, kuma littafin da suka tara na shekara biyu shi za su nuna wa Balarabe in ya zo.

Batun biya, da baƙon da ba ka taɓa ciniki da shi ba, kafin alƙalami mai kauri kafin a yanka, cikon kuma kafin kaya su tashi, ko takardar lamunin banki. A rubuta wa ke ɗaukar asara in jirgi ya yi latti ko aka ƙi kaya a can, da sikelin da za a yi aiki da shi, naka ko nasu. In sefa za a biya ka kai kuma da naira ka saya, ka yi lissafi da canjin da ya fi muni a watanni ukun da suka wuce, kuma a zango kar ka bar wa maigida ragowar raguna bashi ka taho sai an ƙirga an rubuta a gaban shaidu biyu.